Amsoshin Tambayoyinku: Yadda jiki ke sarrafa kansa

Wata mai sauraronmu daga Damagaram tana tambaya: me ya sa jiki ke hana zafinsa wuce kima, amma ciwon naƙuda sai ƙaruwa yake yi?

To, Malama, jiki yana da hanyoyi biyu na mayar da martani. Ta farko tana rage abin da ya yi yawa, ta kuma ƙara abin da ya yi ƙasa. Zafin jikin mutum yakan tsaya kusa da digiri 37. Idan ya hau, ƙwaƙwalwa ta sa a yi zufa, idan ya sauka, a yi rawar ɗari. Haka insulin ke sauko da sukarin jini bayan cin abinci. Ta biyu kuwa tana ƙara wa abu ƙarfi. A lokacin naƙuda, kan jariri yana danna bakin mahaifa, saƙo ya isa ƙwaƙwalwa, a saki sinadarin oksitosin, mahaifa ta ƙara matsawa, kan ya ƙara dannawa, sinadarin ya ƙaru.

Wani zai ce abin da ke ƙara kansa da kansa ai haɗari ne. Gaskiya ne, shi ya sa jiki ba ya amfani da shi sai ga aikin da dole a gama da sauri, wanda kuma yake da ƙarshe, kamar haihuwa da daskarewar jini a rauni. Da zarar jariri ya fito, dannawar ta tsaya. Don haka muna roƙo kada a yi wa mai naƙuda allurar oksitosin a gida ba tare da ma'aikacin lafiya ba, domin yawanta na iya fasa mahaifa.