Me ya haɗa matan Dutse da labaran kumbo?

TAMBAYA: Mu mata ne 'yan ƙungiyar karatu a Dutse, wasunmu na zane, wasu na ɗinkin hula. Na kawo shawarar mu karanta ƙagaggun labaran kimiyya da mata suka rubuta, sai wata yayarmu ta ce wannan shirmen Turawa ne, babu ruwan Musulma da shi. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yar'uwa, ki gaishe mini da Yaya, amma a nan kam ta yi tuntuɓe. Ko a adabinmu, tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka tafi da yaro Kilba yawon sararin samaniya. A wannan shekarar ce kuma Ursula Le Guin ta Amurka ta wallafa labarin wata duniya da mutanenta ba su da tsayayyen jinsi, don ta ga me zai rage na sarauta da abota idan aka cire rabon maza da mata.

Wadda nake so ku fara da ita kuwa ta riga su duka, kuma Musulma ce da ta tashi a cikin kulle. Rokeya Sakhawat Hossain, 'yar Bengal, ta buga Sultana's Dream, wato Mafarkin Sultana, a 1905. A ƙasar da ta ƙaga, maza ne ke kulle a cikin gida, mata na jan ragamar jami'o'i. Suna tara zafin rana su yi girki babu hayaƙi, suna tatso ruwa daga gajimare, da hasken ranar nan kuma suka fatattaki mayaƙan da suka kawo musu hari. Zolaya ce, ba kira ne a kulle maza ba. Ta juya tabarmar ne kawai domin wanda ke kai ya ji yadda ƙasa take. Kuma ba ta tsaya a mafarki ba: a 1911 ta buɗe makarantar 'yan mata Musulmi a Kalkata.

Ga ku masu zane, wannan ɗan gajeren labari bai daina haihuwa ba. A 2018 mai zane Chitra Ganesh ta ciro hotuna 27 daga cikinsa, a 2023 kuma Isabel Herguera ta Sifaniya ta yi fim ɗin zane da sunansa. Idan kuma kuna son labarin da ke nan kusa da mu, Nnedi Okorafor ta kafa labarin littafinta The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070, jarumarta yarinya ce.

Ni dai abin da ke ba ni haushi shi ne in ga mai zanenmu ta kwaikwayo kumbon Amurka, alhali matar da ke fifita murhu a watan Afrilu ta fi kowa sanin amfanin tukunyar da rana za ta dafa. Yaya kogin Haɗeja zai kasance idan matan da ambaliya ke kora kowace damina ne suka tsara inda ruwan zai bi? Wane zane za a ɗinka a hular mutumin Dutse bayan shekara ɗari?

Labarin Rokeya bai wuce 'yan shafuka ba, da Turanci yake, kuma yana intanet kyauta. Ku nemi ɗaliba daga Jami'ar Tarayya ta Dutse ta fassara muku shi da baki a zama ɗaya, ku ba Yaya kujerar gaba.