Naman da Rana Ke Shukawa a Ido

Akwai wani ciwo da da wuya rana ta fito ta faɗi ban gan shi a ɗakin duba ido ba. Wani ɗan nama ne ja-ja da ke tsirowa a kan farin ido, galibi daga lungun da ke wajen hanci, ya riƙa rarrafe a hankali yana nufar baƙin ido. Masu shi kukansu ɗaya ne: ido ya yi ja, ga ƙaiƙayi, ga hawaye, ga tsikari ba dare ba rana. In na tambayi sana'a, amsar ba ta cika sauyawa ba. Manomi ne, ko ɗan acaɓa, ko makiyayi, ko masunci, ko birkila, ko mai talla a bakin titi. Duk bayin Allah ne da abincinsu ke cikin rana.

A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Ɓarnarsa taruwa take yi shekara da shekaru, sai ƙura da busasshiyar iska su ƙara mata ƙarfi. Hasken da ya shigo ta gefen fuska, wajen kunne, yakan ratsa garai-garan fatar da ta rufe baƙin ido, ya lanƙwasa, ya je ya taru a gefen hanci. Dalili ke nan da naman ya fi tsirowa a can, kuma shi ya sa gilashi mai faɗi da ya rufe gefen ido ya fi ɗan siririn nan na ado amfani nesa ba kusa ba. Kada kuma hazon hunturu ko hadarin damina su ruɗi kowa. Wannan haske yana keta su, ruwa da farin yashi kuma suna maido shi fuska daga ƙasa.

Yanar ido ma rana na da hannu a cikinta. Babban dalilinta tsufa ne, ciwon suga da shan taba suna gaggauta ta, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda yana ta makanta, mai yiwuwa hasken rana ne sanadi. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce ke kan gaba wajen makantar da mutane, da kashi 43 cikin 100, kuma Arewa maso Gabas ta fi kowane yanki yawan makafi idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya fi buƙatar kariya shi ya fi gudun ta. Wani dattijo manomi da na ba shawara ya dube ni ya ce, "Haba ɗana, ni da furfurata in sa baƙin gilashi? Ai sai a ce na fara taƙama." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, in za ka gaisa da jama'a cire shi, in ka shiga gona ka mayar." Na fahimce shi sarai, domin a wurinmu tsayawa gaban manya da baƙin gilashi rashin ladabi ne. To amma ladabi na zaure ne da masallaci, gona da titi kuwa wurin neman abinci ne, kuma da idon ake nemansa.

Sai dai ba kowane baƙin gilashi ke kariya ba. In ka sa gilashi mai duhu, 'yar ƙofar da ke tsakiyar ƙwayar ido buɗewa take yi don ta sami haske. Idan gilashin ba ya tace UV, ka wangale wa ɓarawo ƙofa ke nan, gara ma wanda bai sa komai ba yana ƙanƙance ido. A nemi wanda aka rubuta UV400 a jikinsa. Tsada ba ita ce ma'auni ba, duhu ma haka. Akwai farin gilashin likita da ke tacewa tsaf. Da yake ana liƙa takardar ƙarya, ya fi kyau a saya a sashen gilashi na asibitin ido, wasu ma suna da na'urar gwadawa.

Wanda bai da halin saye, ga malafa. Iyayenmu manoma da Fulani makiyaya ba a banza suka riƙe ta ba: mai faɗin baki tana rage kusan rabin abin da ke isa ido. Hular zanna da dara sun yi wa kai kyau, amma ba sa yi wa ido inuwa. Ko hana-salla ta fi babu, duk da gefe a buɗe yake. Mata kuwa, hijabi ba ya kare ido, sai a haɗa da lema ko malafa. A fi kula da yara, don idonsu ya fi na babba barin wannan haske ya wuce ciki, musamman zabiya, wanda tun asali idonsa ba ya jure rana. Daga hantsi zuwa la'asar, mai iya fakewa a inuwa ya fake.

Masu walda, ku ma da ku nake. Wutar waldar nan tana fitar da hasken UV da ƙarfin gaske, ciwon idon da yake jawowa kuma ba ya tashi sai bayan sa'o'i, cikin dare. Gilashin rana ba ya maye gurbin garkuwar walda, kuma yaron shago da ke riƙe ƙarfe yana buƙatar tasa. Haka nan kallon rana ido da ido lokacin husufi, irin wanda ya ratsa Arewa a Maris 2006, yana iya ƙona bayan ido ya bar tabo, ko da UV400 aka kalla.

Idan naman ya riga ya fito, don Allah kada a ɗiga nono, ko ruwan suga, ko ruwan ganye. Kada kuma a je kemis a ce "ba ni maganin jan ido". Wasu daga cikin magungunan nan suna wanke ja cikin kwana biyu, amma in aka daɗe ana ɗigawa sukan jawo hawan jinin ido, ganin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa. Ƙaramin nama sau da yawa kariya da ruwan laushin ido kawai yake buƙata. Wanda ya doshi tsakiyar ido ana cire shi da aiki, yakan kuma dawo in mutum ya koma rana ba kariya. Amma in tsiron fari ne mai kaushi, yana saurin girma ko yana jini, a garzaya asibitin ido cikin makon, domin akwai sankarar ido da ke fara kama da shi, kuma in an cire ta tana ƙarama akan ceci idon.