DARASI: MUSULMI A ƘASAR INABI DA BUKUKUWAN ƊANƊANA GIYA

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya yalwata mana halal, ya kuma bayyana mana iyakokinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi wata tambaya ce da wani dattijo ya kawo mana bayan sallar La'asar a nan Madarumfa. Ɗansa yana karatun aikin gona a Faransa, kusa da birnin Bordo. Yaron ya aiko cewa idan kaka ta yi makarantarsu za ta kai su zagayen gonakin inabi, kuma a ƙarshen kowace ziyara akan miƙa wa baƙo kofi ya ɗanɗana giyar gonar. Abokansa sun ce masa ba sha ake yi ba, kurɓa ce kawai a tofar. Ga kuma aikin tsinkar inabi na mako biyu ko uku, wanda ladansa zai biya masa kuɗin hayar ɗaki. Dattijon ya ce: "Malam, in hana shi in jawo masa wahala a baƙon wuri, ko in ƙyale shi in ɗauki alhaki?"

Tambayar ba shi kaɗai ta shafa ba. 'Ya'yanmu ɗalibai da 'yan kasuwar Maraɗi suna zuwa Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Turai, kuma duk waɗannan wurare ana noman inabin giya a cikinsu.

1. Yadda al'adar take

Malamai ba su yanke hukunci a kan abu sai sun san shi, saboda haka bari mu fara da saninsa. A Faransa ana tsinkar inabi daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, kusan lokacin da mu ke girbin gero da dawa. A Afirka ta Kudu kuwa kakarsu tana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu. Gonakin sun shirya hanyoyi na musamman waɗanda masu yawon buɗe ido ke bi daga wannan ƙauye zuwa wancan. Hanyar yankin Alzas a gabashin Faransa, mai tsawon kimanin kilomita 170, an buɗe ta a 1953. Ta garin Stellenbosch a Afirka ta Kudu an kafa ta a 1971.

Akwai kuma ranakun buki. A yankin Bojole, arewa da birnin Liyon, ana fitar da sabuwar giyar shekara a ranar Alhamis ta uku ta watan Nuwamba, kuma a 1985 aka tsayar da wannan rana. A garin Beaune ana gwanjon giya a ranar Lahadi ta uku ta wannan wata, al'adar da ta faro tun 1859. Birnin Bordo ya fara nasa bukin na bakin kogi a 1998.

Ko ƙasashen Musulmi abin bai bar su ba. Turawan mulkin mallaka sun cika arewacin Aljeriya da gonakin inabi, har ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da giyar inabi zuwa waje kafin samun 'yancinta a 1962. Daga baya gwamnati ta tuge da yawa daga cikin gonakin, amma ba su ƙare ba. Haka nan akwai irinsu a kewayen Miknas ta Maroko.

Idan baƙo ya isa gona, akan zagaya da shi cikin shuke-shuke, a kai shi ɗakin matsa, a saukar da shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda gangunan katako ke jere. Daga nan sai a zuba masa 'yar kaɗan a kofin gilashi. Zai dubi launinta, ya shanshana, ya kurɓa ya juya a baki, sa'an nan ya haɗiye ko ya tofar a cikin wani kwano da aka ajiye don haka. Akan yi haka da iri biyar ko shida, kuma manufar mai gona ita ce baƙo ya sayi kwalabe kafin ya tafi.

2. Inabi ni'ima ne

Kada a fahimci cewa laifin na itacen ne. Allah ya ambaci inabi cikin ni'imominsa a Suratul An'am aya ta 99, da Suratur Ra'ad aya ta 4, da Suratu Abasa aya ta 28, ya kuma lissafa shi cikin tanadin masu taƙawa a Suratun Naba'i aya ta 32. Masu tarihi sun kawo cewa ranar da mutanen Ɗa'ifa suka jefi Manzon Allah (S.A.W.), ya fake a wata gonar inabi, wani bawa Kirista mai suna Addas ya kawo masa nonon inabi a faranti, ya ambaci sunan Allah ya ci. Ɗanyen inabi halal ne, busasshensa da mu ke kira zabibi halal ne, sabon ruwansa halal ne.

Abin da ke sauya hukunci shi ne tsimuwa. A jikin ɓawon inabi akwai ƙwayoyin yis waɗanda ido ba ya gani, danginsu ɗaya da wanda mai burodi ke sa wa fulawa. Idan aka matse inabi aka ajiye ruwan, sai su cinye zaƙin su mayar da shi barasa, kumfa ta riƙa tasowa. Cikin mako ɗaya ko biyu ruwan ya zama giya, wadda yawanci kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari nata barasa ce. Idan kuma iska ta ci gaba da shiga, wasu ƙwayoyin na daban su mayar da barasar tsami, sai a sami ruwan khal.

Shari'a ta bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana yi wa Annabi (S.A.W.) jiƙon zabibi, yana sha har yammacin rana ta uku, bayan haka ba ya shan abin da ya rage. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yarje wa mutanen Sham ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya ƙone, domin ya yi kaurin da ba ya bugarwa. Giyar da ta juye khal da kanta kuwa, malamai sun haɗu a kan halaccinta.

3. Yadda aka haramta giya

Haramcin ya zo ne daki-daki. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Sa'an nan aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida suka yanke magana. Anas ɗan Malik ya ba da labarin yana cikin zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha sai sanarwa ta iso, nan take aka umurce shi ya zubar, giya ta malala a hanyoyin Madina. Ba wanda ya ce bari a ƙarasa abin da ke cikin ƙwarya.

A lura da abu biyu. Na farko, umurnin da ya zo a Ma'ida na nisanta ne, kuma nisanta ta fi barin sha faɗi. Na biyu, abin da suke sha a gidan Abu Ɗalha na dabino ne. Sayyidina Umar ya faɗa a kan mumbari cewa ana yin giya da inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, kuma ma'auninta shi ne rufe hankali. Saboda haka burkutun dawa da bammin da ya tsimu da ƙwayoyin da samari ke sha don su bugu duk hukuncinsu ɗaya da giyar Bordo. Amma tsamin fura ko na nono ko na kunun da ya kwana ba ya haramta su, muddin ba su bugarwa.

4. Amsar tambayoyin

*Kurɓa a tofar.* Ba ta halatta ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, suna ganin giya najasa ce, ba a sa ta a baki da gangan. Ƙari a kan haka, duk yadda mutum ya tofar sai wani abu ya bi miyau ya wuce. Wani zai ce ai mai azumi takan ɗanɗana gishirin miya ta tofar. Amsa ita ce miya halal ce a kanta, lokaci ne ya hana cinta, giya kuwa ba ta da lokacin halatta. Kuma Bahaushe ya san abin da yake kira ɗanɗani-haukaci. Babu mashayin da ya fara da kwalba.

*Zama a wurin.* Tirmizi da Ahmad sun ruwaito hani ga mai imani ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Don haka idan an zo wajen zuba kofuna, ya nemi uzuri ya fita, ya jira abokansa a waje. Abin da ya fi shi ne ya gaya wa malaminsa tun kafin a tashi, cikin ladabi, cewa addininsa ya hana shi. Rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya faɗi matsayinsa tun a gida ba ya jin kunya a gaban mai masauki. Mun sani a wurinmu mayar da ƙwaryar mai gida abin kunya ne, kuma wannan tarbiyya ce ke sa yaranmu jin nauyi. A sanar da su cewa karin maganar nan ta wanda ya je gari ya ga kowa da wutsiya ba ta aiki a kan haram.

*Ziyarar gonar.* Idan don ilmi ce, babu laifi. Tafiya mabuɗin ilmi ce. Ya koyi yadda suke auna ƙasa, da aure tsakanin itatuwa, da sassabe rassa, da yaƙi da ƙwari, da yadda manoma ke haɗa kai su sayar da amfaninsu. Wannan ilmi zai amfani masu lambu a bakin tafkin Madarumfa da fadamun Gulbin Maraɗi da gonakin ban-ruwa na Jiratawa. Amma wanda ya ɗaura niyyar tafiya don bukin giya kansa, tafiyarsa ta saɓo ce, kuma a mazhabar Malikiyya mai irin wannan tafiya ba shi da rangwamen ƙasaru. Idan kuwa fannin karatun ya ginu ne a kan haɗa giya da ɗanɗanarta, to ya nemi a sauya masa fanni.

*Aikin tsinka.* Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito la'ana a kan mutum goma game da giya, cikinsu har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai zuba ta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. A kan haka malamanmu suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Mai tsinka a gonar giya ya san inda kwandonsa za shi, domin daga gona sai ɗakin matsa. Sai ya nemi wani aikin. A wannan lokaci na kaka ana neman masu tsinkar tuffa da kayan lambu, akwai kuma gonakin inabin ci, irin na garin Moissac a kudancin Faransa.

*Tsaraba.* Ba a sayo wa wani kwalba, ko da ba Musulmi ba ne, ba a kuma karɓi saƙonta. Ruwan inabi marar barasa da zabibi sun isa tsaraba.

5. Maganar lafiya

Masu talla sun daɗe suna cewa kofi ɗaya a rana yana gyara zuciya. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaid ya nemi izinin yin giya don magani, Annabi (S.A.W.) ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. A 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon, maƙwabciyar Bojole, ta sa barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa wannan ciwo. A 2023 hukumar ta bayyana cewa babu wani gwargwadon sha da ba ya cutarwa, kuma rahotonta na 2024 ya ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019. Mu dai mun bar ta ne don umurnin Allah, ko da likita bai ce komai ba.

6. Abin da ya rage a kanmu

Mun gaya wa dattijon ya bar ɗansa ya je ziyarar karatu, ya hana shi kofi da teburin da aikin tsinka. Sai dai hani kaɗai ba ya biyan kuɗin haya. Yaron da ya bar aiki don tsoron Allah yana da haƙƙi a kan danginsa da jama'ar masallacinsu. Idan muka ce masa ya bari, muka kuma naɗe hannu, mun bar shi tsakanin yunwa da saɓo, kuma za a tambaye mu. Saboda haka muna kira ga mawadata da kwamitocin masallatai su riƙa tunawa da ɗalibanmu na waje a lokacin zakka da sadaka. Muna kira ga iyaye su zaunar da 'ya'yansu su karanta musu waɗannan hukunce-hukunce kafin su hau mota, su kuma riƙa tambayarsu wane masallaci suke salla, su wa suke zama da su.

Allah ya tsare mana zuriyarmu a gida da daji, ya wadata su da halal, ya dawo mana da su da ilmi mai amfani. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.