Darasi na Bakwai: Yawon Buɗe Ido da Yawon Shaƙatawa

Ɗalibai kan ɗauka ma'anar waɗannan kalamai ɗaya ce, alhali sun sha bamban. Buɗe ido harɗaɗɗen suna ne, wato aikatau da karɓau, kuma yana nuni da neman sani. Wanda ya zaɓi birnin Alƙahira domin ganin dalar Giza, buɗe ido ya je yi. Wanda kuwa ya nufi tsibirin Zanzibar ko gaɓar tekun Mombasa don ya sarara, shaƙatawa ce ta kai shi. Ke nan manufar tafiyar ake dubawa, ba wurin ba. Manomin Kudan ko Maƙarfi da ya kai rake Legas, ko ya leƙa bakin teku, fatauci ya je.

Aiki: Mutumin Ikara ya tafi Zariya kallon hawan salla. Wace kalma ta dace? Kawo hujja.