Amsoshin Tambayoyinku: Ma'anar "knight" da "lemon"

Ga tambayar Malam Habibu daga Funtuwa. Ya ce a yi masa bayanin kalmomin Turanci biyu: "knight" da yake gani a littattafan tarihi, da "lemon" da ya ji ana kiran mota da ita.

To Malam Habibu, mun gode. "Knight", wanda ake furtawa "nait", shi ne barden Turai na zamanin da. Mayaƙi ne a kan doki, sanye da sulke da kwalkwali, riƙe da mashi da takobi. Ubangidansa kan ba shi ƙasar noma, shi kuma ya fita yaƙi duk ranar da aka kira shi. A yau "knight" lambar girma ce da Sarkin Ingila ke bayarwa, kuma wanda ya same ta ana sa masa "Sir" gaban suna. Ka ji dalilin da ake cewa Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ita kuwa "lemon", asalinta lemon tsami ne. Amma a bakin Amurkawa, "lemon" mota ce da ta fito daga kamfani da lahani: yau birki, gobe giya, kullum tana garejin makanike. Akwala tsufa ne ya cinye ta, ita "lemon" da ciwonta aka sayo ta. Jihar Connecticut ta Amurka ta kafa doka a kanta a 1982, wadda ke tilasta wa kamfani ya canja motar ko ya mayar da kuɗi.