Ɗan Mai Taɓin Hankali: Me Ya Gada, Me Ya Wajaba A Kanmu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata magana da akan yi ta da murya ƙasa-ƙasa a zaurukanmu, nan Dogarawa da Samaru da Sabon Gari, musamman in an zo binciken asali wajen neman aure. Sai ka ji an ce yarinya ba ta da aibu, ga kunya ga karatu, amma fa mahaifiyarta ta taɓa samun taɓin hankali. Shi ke nan magana ta mutu, ba a tambayi malami ba, ba a kuma tambayi likita ba.

Mu fara da cewa gado gaskiya ne, Musulunci bai musa shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wani Balaraben ƙauye wanda ya zo yana shakkar ɗansa don an haife shi baƙi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a cikinsu, wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta jawo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka zai yiwu. Abin lura a nan shi ne, an kawo hujjar gado ne don a kāre mutuncin uwa da ɗanta.

To, me likitoci suka gano? Akwai ciwon da suke kira sikizofireniya, wanda mai shi yakan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya kafe a kan ana farautarsa. A cikin jama'a, wajen mutum 1 cikin 100 ne yake kamuwa da shi. In ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, rabon ɗan yakan hau zuwa wajen 10 cikin 100, in kuwa dukansu biyu ne, sai ya kai wajen 40. A shekarar 1966 wani likita a Amurka mai suna Leonard Heston ya bi sawun mutum 47 waɗanda aka raba su da uwayensu masu wannan ciwo tun suna jarirai. Biyar daga cikinsu sun kamu, alhali a cikin wasu 50 da aka gwama su da su ba ko ɗaya. Wannan ya nuna akwai abin da yake bin jini. Amma mai karatu ya sake duba lissafin da kyau: 42 ba su kamu da wannan ciwo ba. Har tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, ɗan'uwansa yakan tsira a wajen rabin lokuta.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Wani nazari da aka tattara a 2014 ya nuna cewa in aka haɗa da sauran manyan cututtukan ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa mai tsanani, wajen kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yan masu irin waɗannan cututtuka sukan gamu da ɗayansu in sun girma. Sai dai abin da aka gada shiri ne kawai, kamar busasshen itace da yake jiran wuta. Daga cikin abubuwan da suke kunna ta akwai shan wiwi tun ƙuruciya, da wulaƙanci ko duka, da rashin mai kula. Yaron da ya tashi ana yi masa gori da ciwon uwarsa a makaranta da bakin rijiya, mu ne muke ƙara masa itace.

Ta fuskar fiƙihu kuwa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a Risala aibobin da suke ba da zaɓin mayar da aure, wato hauka da kuturta da albaras da ciwon al'aura. Duk ana nufin wanda yake jikin matar ita kanta. Ciwon mahaifiyarta ba ya cikin lissafi. Binciken asali halal ne, wanda kuma aka nemi shawararsa a kan aure ya faɗi abin da ya sani, wannan ba giba ba ce. Amma ya faɗi gaskiyar dukanta, kada ya ce gidan hauka ne ya yi shiru a nan, domin rabin gaskiya irin wannan ya hana 'yan mata masu lafiya aure har sun gaji da jira.

Sai batun reno, wanda malamai suke kira hadana. In aure ya rabu, uwa ce ta fi cancanta, amma hankali sharaɗi ne ga mai reno. In ciwo ya tsananta, haƙƙin yakan koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan inna, wato 'yar'uwar uwa. Dubi yadda Shari'a ta ajiye yaro kusa da ɗakin mahaifiyarsa. Malaman Malikiyya sun kuma ce in uzurin ciwo ne ya sa reno ya fita daga hannunta, yakan dawo mata in ta samu sauƙi. Ina wannan, ina al'adar nan ta a saki mace ranar da ciwo ya bayyana, a kwashe 'ya'ya a hana su ganinta?

Lokacin da ya fi bukatar sa ido shi ne jego. Mace 1 ko 2 cikin 1,000 sukan samu rikicewar hankali bayan haihuwa, yawanci cikin mako biyu na farko, wadda kuwa ta taɓa yin ciwon a baya ta fi kowa kusa da shi. In mai jego ta daina barci kwana da kwanaki, tana surutai, ko tana tsoron jaririnta, kada a bar ta da shi ita kaɗai, kada kuma a ce sai an yi arba'in. A yi mata addu'a da ruƙiyya, a kuma kai ta asibiti ran nan, don wannan ciwo ne da yake jin magani. Wadda take shan magani tun da, in ta samu ciki kada ta ajiye shi da kanta sai ta ga likitanta.

Mari da bulala kam ba magani ba ne ga wanda aka ɗauke wa alƙalami, mun kuwa ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutane fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Magabata ba haka suka yi ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Mu ma yau akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tafiyar da ba ta da nisa daga Dogarawa, ga kuma asibitin Gwamnatin Tarayya a Barnawa, Kaduna. Saurayi ko budurwa daga irin wannan gida, in aka ga ya janye daga mutane, karatu ya lalace, barci ya ƙaurace masa, can ya kamata a fara kai shi tun abin bai yi nisa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.