Hikimar Ginin Ƙasa na Hausa Wajen Tsimin Makamashi

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a nuna yadda maginin Hausa ya shawo kan zafi da sanyi ta hanyar kayan gini da fasalin gida, ba tare da dogaro da lantarki ba.

Kayan Gini

Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsima, sannan a mulmula tubali a shanya. Rana kaɗai ke busar da shi, alhali kuwa siminti ba ya samuwa sai an ƙona dutse a zafin da ya kai digiri 1,450.

Sirrin ginin yana cikin kaurin bango. Da rana bango yakan shanye zafi sannu a hankali, ɗaki ya zauna da sanyi. Da dare sai ya saki zafin, abin da ke da amfani ƙwarai lokacin hunturu. Haka rufin soro yake, wato azarar giginya da aka lulluɓe da ƙasa. Rufin kwano kuwa nan take yake tura zafi cikin ɗaki, sai an nemi fanka.

Da yake azara gajera ce, magina suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga don ɗaga rufi, iska mai zafi ta hau sama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, misali ne.

Fasalin Gida

Gidan Bahaushe yana sauyawa da yanayi. Da bazara akan wuni a zaure ko rumfa, a kwana tsakar gida. Da hunturu a koma ɗaki mai ƙananan tagogi. Idan iyali suka ƙaru sai a ƙara ɗaki, wanda ya rushe kuma a sake kwaɓa ƙasarsa.

Kammalawa

Raunin ginin ƙasa shi ne ruwan damina, shi ya sa ake yaɓe da makuba ko laso, a kafa indararo. Masallacin Yama a Jamhuriyar Nijar, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, ya nuna cewa fasahar ba ta tsufa ba. Ya kamata ɗaliban Hausa su tattara kalmomin magina daga bakin masu sana'ar, domin kalmar da ta ɓace takan tafi da ilimin da ke cikinta.